Kokon da Ba Ya Tsayawa a Cokali

Ranar awo, idan na ɗaura wa yaro igiyar auna damtse ta faɗa kan ja, alamar tamowa mai tsanani, tambayata ta farko ita ce: "Maman yaro, me yake ci?" Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Wallahi yana shan koko sosai." Sai in ce ta nuna mini. Ta buɗe filas ta tsiyayo, sai ga tsululu, ruwa da sukari da ɗan ƙamshin kamu.

Ba sakaci ba ne, tsoro take kada ya ƙware. Amma cikin ɗan wata 6 bai fi kofin shayi ba. In ruwa ya cika shi, ina abinci zai zauna?

Wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata, ko da a zafin bazara ne. Daga nan sinadarin ayon da aka haife shi da shi, mai gina jini, yakan fara ƙarewa, nono kaɗai kuma ba ya isarsa. Lokacin ne ake fara abinci, nonon kuma a ci gaba da shi har shekara 2.

Ki dama kunun da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai zube nan take ba. Ki fara da cokali 2 ko 3, sau 2 zuwa 3 a rana, kina ƙarawa a hankali. In ya kai wata 9, sau 3 zuwa 4, da ɗan ayaba ko gwanda a tsakani.

Gero shi kaɗai ba ya gina jiki. Ki zuba nikakkiyar gyaɗa, ko ɗan manja, ko dakakken busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko garin zogale. Ki murje dafaffen wake da kabewa. Wasu kan haɗa gwangwani 6 na gero, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa, shi ne ake kira Tom Brown. Sai ƙwai. Har yau ina jin ana cewa yana sa yaro sata, wannan magana kuwa tana ƙona mini rai, don na sha ganin yaro yana ramewa kaji na yawo a tsakar gidansu. Ki dafa shi sosai ki ba shi. Maigida, in ka biya mahauta, ka taho da 'yar hanta.

Zuma a dakata sai ya cika shekara 1.

Ɗura kuma, don Allah, a bari. Yaron da aka danne aka toshe wa hanci yana kuka, kunun kan iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ki wanke hannu da sabulu, ki zaunar da shi a cinya, da kwanonsa na kansa don ki ga abin da ya ci. In ya kau da kai yau, ki sake gwada masa gobe.