Ginin ofishin jakadanci mai tsimin wuta da ruwa: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Aikina zanen gine-gine ne a nan Abuja, kuma da zarar an ta da maganar gina sabon ofishin jakadanci a ƙasar waje, tambayoyin nan ne dai ɗalibai da abokan aiki suke ta maimaita mini. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambaya, wannan zan miƙa masa.

Wai mene ne gini mai ɗorewa?

Ginin da ba ya shan wuta da ruwa kamar babu gobe, kuma bayan shekara 30 ana iya gyara shi ba sai an rushe ba. Shi ke nan.

To ba sai a shimfiɗa sola a kan rufi a huta ba?

A'a, Malam. Sola ita ce ta ƙarshe. Da farko ka san inda ginin zai fuskanta, ka yi wa tagogi inuwa, ka tare zafi tun daga rufi. Ka bi tsakiyar Abuja da ƙarfe uku na rana a watan Maris, ka dubi dogayen benayen nan da aka lulluɓe da gilashi ta yamma. A ciki an ja labule an kunna fitilu, na'urar sanyaya ɗaki tana nishi, janareta yana zuƙar dizal a bayan gida. Irin wannan gini ko ka rufe shi da sola har ƙofa, asara ce.

Ai filin ofishin jakadanci ƙasarmu ce, me ya haɗa mu da dokar gininsu?

Ba ƙasarmu ba ce, ku daina faɗin haka a gaban mutane. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan huldar jakadanci, sashe na 22, cewa ta yi jami'an ƙasar da ofishin yake ba za su shiga ba sai da izinin jakada. Sashe na 41 kuma ya ce a mutunta dokokin mai masauki.

Me zai hana a gina da tubali da azara, a nuna wa duniya namu?

Kwantar da hankalinka, ba raina ginin ƙasa nake yi ba. Wanda ya taɓa shiga kwafin masallacin Juma'a na Zariya da ke gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, ya ji sanyin da ke ƙarƙashin bakan gizon nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, ya san Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin na asali, ba ƙaramin mai ilimi ba ne. A Yamai ko Injamena, ginin ƙasa da aka yi da kyau zai zauna daram. A Otawa ko Masko kuwa, ruwa zai shiga bangon ya daskare ya tsaga shi. Dabarar za ka ɗauka: zaure, tsakar gida, bango mai kauri, taga daidai bukata. Kayan ginin kuma ka nemi na garin. Da Holan ta gina ofishinta a Adis Ababa, wanda aka gama a 2005, kankare mai launin jar ƙasar wurin aka zuba, aka kwaikwayi majami'un Lalibela da aka sassaƙa cikin dutse. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2007.

Masu tsaro sun ce a toshe tagogi, kai ka ce a bar iska ta shiga. Wa za a bi?

Wannan ita ce tambayar kirki, kuma amsarta ba guda ba ce. Ya danganta da ƙasar, da girman filin, da irin barazanar da ake tsoro. Bayan bama-baman da suka tashi a ofisoshin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, Amurka ta yi doka a 1999 cewa sabon ofishi ya ja baya daga katanga da kusan mita 30. Ofishinta na Landan da aka buɗe a 2018 an yi masa tafki a gefe guda ya zama shinge, aka rataya wa gilashinsa wasu filafilai masu tare rana. Ya yi kyau, amma wajen dala biliyan ɗaya ya lashe. Mu ina muka ga wannan?

Abin da nakan ba da shawara, in fili ya yarda, shi ne a raba ginin gida uku. Sashen biza da fasfo, inda jama'a ke bin layi tun da sassafe, a ajiye shi kusa da ƙofar shiga da rumfa da iskar Allah. Ofisoshin ma'aikata su juya wa titi baya, tagoginsu su buɗe ta tsakar gida. Ɗakin sadarwa da na ajiyar takardu kaɗai za a rufe ruf a sa musu na'ura.

Amma fa kada wani ya ce na ce ko'ina haka ne. A Riyad ƙura za ta kore ka, a Delhi hayaƙin hunturu zai sa ka rufe tagar da kanka, dole a tace iskar da inji. A ƙasar sanyi tsakar gida buɗaɗɗiya ɗumi take zubarwa, sai an yi mata rufin gilashi. In kuma fili ƙarami ne a tsakiyar birni, kamar benen Najeriya da ke Niyok, babu inda za ka ja baya, sai gilashi mai jure fashewa, shi kuwa nauyi gare shi, yawanci ma ba ya buɗuwa. Sannan ko ka zana me, in jami'in tsaro ya ce a'a, sau da yawa tasa ce za ta tsaya. Shi ya sa nake cewa a zaunar da shi tun ranar da aka ja layin farko, kada a kira shi bayan an zuba kankare.

Zai fi tsada ko?

Wajen ginawa, sau da yawa e. Amma kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki da dala ko yuro za a riƙa biya duk wata, alhali kasafin da naira aka yi shi. Ku yi lissafin da kanku.

Dole ne a samu takardar shaidar LEED, wadda ake bai wa gini mai tsimin wuta da ruwa?

Ba dole ba ne, sai in dokar garin ta nema. Ofishin Finlan a Washinton ya same ta a 2010, kuma tsohon gininsu suka gyara. Ni abin da na fi tambaya kafin a sayi kowace na'ura: akwai makanikin da zai iya gyara ta a garin, kuma ana samun kayanta a can?

Sabon gini ko gyaran tsoho?

In ƙashin ginin lafiya yake, a gyara. Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma wanda ke cikin tsohon bango an riga an biya shi.