Haramcin man ɗumama gida a Nowe: me mai tsohuwar tukunya zai yi?

Tun ranar 1 ga Janairun 2020 ƙasar Nowe (Norway) ta hana ɗumama gine-gine da man da aka haƙo daga ƙasa, har da kananzir. Dokar ta hau kan gidajen zama, ofisoshi da shaguna. Gine-ginen gonaki da asibitocin kwantar da majiyyata an ɗaga musu ƙafa zuwa 2025, bukkokin hutu da babu lantarki kuma ba ta shafe su ba. Ƙaramar hukuma ce ke sa ido.

Man aka hana, tukunyar kuwa, wato na'urar da ke ƙona man ta dafa ruwan ɗumama gida, ba a ce a cire ta ba. Saboda haka wata hanya ita ce a juya ta zuwa man da aka sarrafa daga tsirrai ko kitsen dabbobi. A nan mutane suka fi tafka kuskure, domin suna zaton zuba sabon mai kawai za su yi.

Da farko a zuƙe tanki a wanke shi tas. Shekaru da yawa na tara laka a gindinsa, sabon man kuma yana narkar da ita, ta bi bututu ta toshe matata da bakin feshin mai, wuta ta mutu a tsakiyar hunturu. Sannan a canza tiyo da duk robar da ke maƙale a mahaɗa, saboda man yana cinye irin tsohuwar roba har ta fara yoyo. Bututun jan ƙarfe ma yana saurin lalata man. Ga kuma sanyi: irin wannan mai yana yin kauri, don haka tankin waje kan buƙaci a ɗumama shi. A ƙarshe ƙwararren ma'aikaci ya daidaita famfo da iskar da ke shiga wuta, in ba haka ba hayaƙi da kunkunniya za su cika tukunyar.

Wanda ya ga gara ya rabu da mai gaba ɗaya, yakan koma injin da ke jawo zafi daga iska ko daga ƙarƙashin ƙasa. A ganina wannan ya fi dacewa da ƙasar da akasarin lantarkinta daga madatsun ruwa yake. Sai dai a duba ƙarafan ɗumama ɗaki, domin tsofaffin an yi su ne don ruwa mai zafi sosai, injin kuma ya fi aiki da ruwa mai matsakaicin zafi.

Tankin da ke binne, idan an daina amfani da shi, bai halatta a bar shi haka ba. Sai an zuƙe shi, an wanke, an tone, ko a cika shi da yashi in ƙaramar hukuma ta amince. Idan ya yi tsatsa ya tsiyaya cikin ƙasa, mai gida ne zai biya kuɗin tsabtace wurin.