Komawar Kyle Korver ƙungiyar Cleveland Cavaliers

Kyle Korver tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ne ɗan Amurka, wanda ya yi kaka 17 a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga 2003 zuwa 2020, ya kuma yi suna da jifa daga nesa. A ranar 7 ga Janairu 2017 ƙungiyar Atlanta Hawks ta miƙa shi ga Cleveland Cavaliers, wadda ke riƙe da kofin gasar a lokacin. Atlanta ta karɓi Mike Dunleavy da Mo Williams da wasu kuɗi, haɗe da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na wata shekara mai zuwa. Wannan musaya misali ce ta burin da ƙungiya ke ɗora wa gwanin jifa da ta ɗauko kaka na tsakiya.

Jifa mai maki uku

A ƙwallon kwando, wanda ya jefa ƙwallo cikin kwando daga bayan wani layi mai lanƙwasa yana samun maki uku, na cikin layin kuwa biyu. NBA ta fara aiki da wannan layi a kakar 1979-80, bayan ABA, wata tsohuwar gasa ta Amurka, ta yi amfani da shi tun 1967. Nisansa daga kwando mita 7.24 ne ta tsakiya, a kusurwoyi biyu kuma ya ragu zuwa kimanin mita 6.7, shi ya sa masu jifa ke son kusurwa. A shekarun farko koci-koci da yawa ba su ɗauki layin da muhimmanci ba, sai in lokaci ya ƙure ake tunawa da shi. Lissafi ne ya sauya ra'ayinsu sannu a hankali: wanda ke cin 40 cikin 100 na jifarsa daga bayan layi daidai yake da wanda ke cin 60 cikin 100 daga ciki, kuma na biyun sun fi wuyar samu.

Akwai wani amfani da takardar maki ba ta nunawa. Idan abokan hamayya na tsoron jifar mutum, dole su saka masa mai gadi da ba zai rabu da shi ba ko taku biyu. Wannan mai gadin ya fita ke nan daga cikin masu tare hanyar kwando, sai fili ya buɗe wa sauran. Gwanin jifa kan yi wa ƙungiyarsa aiki ko da ƙwallo ba ta taɓa hannunsa ba.

Tarihinsa kafin Cleveland

An haifi Korver a ranar 17 ga Maris 1981 a jihar Kalifoniya, ya girma a garin Pella na jihar Iowa, ya kuma buga wa jami'ar Creighton wasa na shekara huɗu. Tsayinsa mita 2.01, yana buga gurbin ɗan gaba na gefe, wani lokaci kuma a mayar da shi baya. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2003 ba a kira sunansa ba sai a lamba ta 51. New Jersey Nets ce ta zaɓe shi, nan take ta sayar da shi ga Philadelphia 76ers a kan dala 125,000. An ruwaito cewa da wani ɓangare na kuɗin aka sayo na'urar kwafin takardu ta ofis, labarin da ya bi shi har ƙarshen wasansa.

A kakarsa ta biyu ya ci jifa mai maki uku 226, ya yi kunnen doki da Quentin Richardson a saman gasar baki ɗaya. A ƙarshen Disamba 2007 aka mayar da shi Utah Jazz, inda a kakar 2009-10 ya ci 59 cikin jifa mai maki uku 110, wato kashi 53.6 cikin 100. Da haka ya karya tarihin Steve Kerr na kashi 52.4, wanda shi Kerr ya kafa a 1994-95, lokacin da aka matso da layin kusa da kwando na kaka uku. Korver daga cikakken nisa ya yi nasa. Daga nan sai Chicago Bulls na kaka biyu.

A Atlanta, inda ya koma a 2012, tauraruwarsa ta fi haskawa. Ya jera wasa 127 ba tare da ya tashi babu jifa mai maki uku ko ɗaya ba, ya wuce 89 na Dana Barros. Jerin ya yanke a Maris 2014, daga baya Stephen Curry ya zarce shi. Koci Mike Budenholzer ya gina salon da ke sa Korver gudu ba tsayawa, yana kewaya abokan wasa da suka tsaya kamar shinge don su tare mai bin sa, ya karɓi ƙwallo ya sake ta kafin a iso. A kakar 2014-15 Atlanta ta ci wasa 60 cikin 82, ba a doke ta ko sau ɗaya ba a wasa 17 na watan Janairu, Korver ya ci kashi 49.2 na jifarsa mai nisa, aka kuma saka shi a wasan taurari a madadin Dwyane Wade da ya ji rauni. Yana da shekara 33 a lokacin. Cleveland ce ta fitar da su a wasan ƙarshe na shiyyar Gabas da ci 4 da nema (a irin wannan mataki ana kara wasa har zuwa bakwai, wadda ta fara cin huɗu ita ke da nasara), kuma a karawa ta biyu Korver ya ji ciwo a idon sawu har sai da aka yi masa aiki.

Dalilin ɗaukarsa da abin da aka sa rai

Cleveland ta ci kofin 2016 bayan ta farfaɗo daga 3 da 1 a hannun Golden State Warriors. Wata ɗaya bai cika ba Warriors ta ɗauko Kevin Durant, kowa kuma ya san ƙungiyoyin biyu za su iya sake haɗuwa. A Disamba 2016 J.R. Smith, ɗaya daga masu jifar Cleveland, ya karye a babban yatsa aka yi masa aiki. Manajan ƙungiyar David Griffin ya nemi mai cike gurbin, ga Korver kwantiraginsa na shekarar ƙarshe, Atlanta kuma ta riga ta mayar da shi benci.

Burin da aka ɗora masa ba mai sarƙaƙiya ba ne. Taurarin Cleveland, LeBron James da Kyrie Irving, kan kutsa zuwa kwando su jawo mutum biyu ko uku, James kuma yana cikin waɗanda suka fi iya hango wanda aka bari shi kaɗai. Abin da ake so shi ne Korver ya tsaya inda ya dace, ya jefa ba jinkiri. An ruwaito cewa James ya gaya masa tun zuwansa cewa duk lokacin da ƙwallo ta zo hannunsa ya sake ta. Masu sharhi sun yi hasashen cewa zai sami jifa babu mai gadi fiye da duk inda ya taɓa zama. Shakkun da aka nuna biyu ne: shekarunsa 35, da kuma ko zai iya tare 'yan Warriors masu sauri ba tare da sun mayar da shi ƙofar shiga ba.

Yadda ta kasance

Farkon bai yi armashi ba. A wasansa na farko, ranar 10 ga Janairu a gidan Utah, maki biyu ya ci, Cleveland ta sha kashi 100 da 92, kuma a watan gaba ɗaya wasannin da ta faɗi sun fi waɗanda ta ci. Salon ya bambanta da na Atlanta: can shi ake zana wa hanya, nan kuwa jira yake sai James ya ga dama. A Fabrairu ya kama hannu. Ya ci wa Cleveland maki 29 a kan Indiana Pacers da jifa mai maki uku takwas cikin tara, a cikin watan kuma ya zama mutum na bakwai a tarihin NBA da ya kai jifa mai maki uku 2,000. Ranar 3 ga Maris, a Atlanta, gaban tsofaffin magoya bayansa, Cleveland ta ci irin wannan jifa 25, tarihin gasar a wancan lokaci, kuma ta 25 ɗin daga hannun Korver ta fito. Ciwon ƙafa ya hana shi wasu wasanni bayan haka. A wasa 35 da ya buga wa Cleveland a kakar ya ci kashi 48.5 na jifarsa mai nisa, in an haɗa da na Atlanta kuma 45.1, mafi girma a gasar. Karo na huɗu ke nan da ya jagoranci NBA a wannan fanni.

Ta fuskar alƙaluma, ya biya abin da aka nema har da ƙari. Sai dai abin da mutane suka fi riƙewa jifa ɗaya ce. Ranar 7 ga Yuni 2017, a karawa ta uku ta wasan ƙarshe, Cleveland na gaba 113 da 111, saura ƙasa da minti ɗaya, James ya kutsa ya miƙa wa Korver a kusurwa. Ƙwallo ta ƙi shiga. Durant ya ɗauke ta, ya je ya ci maki uku, Warriors ta yi nasara 118 da 113, daga bisani ta ɗauki kofin da 4 da 1. An yi gardama ko James ya kamata ya ƙarasa da kansa. Shi ya ce zai sake yin yadda ya yi. Hukunta Korver da wannan jifa akwai rashin adalci a ciki, domin ko a mafi kyawun kakarsa kusan rabin jifarsa ba ta shiga, kuma don irin wannan dama aka ɗauko shi.

A Yuli 2017 ya sabunta kwantiragi na shekara uku a kan dala miliyan 22. Ya taimaka ƙwarai a wasannin fitar da gwani na shiyyar Gabas a 2018, amma a wasan ƙarshe, wanda Warriors ta lashe 4 da nema, hannunsa ya ƙi gaba ɗaya.

Bayan Cleveland

Da James ya tafi Los Angeles Lakers, an mayar da Korver Utah a Nuwamba 2018, ya rufe wasa a Milwaukee Bucks a kakar 2019-20 da jimillar jifa mai maki uku 2,450, kashi 42.9 cikin 100. Daga baya ya shiga hukumar gudanarwar Atlanta Hawks.