Batakari ba rigar tsafi ba ce

Har yau a Kumasi in ka saka batakari ka shiga kasuwar Kejetia sai ka ji wani na cewa wai ga boka nan, ko kuma wai akwai asiri a jikin rigar. Wallahi wannan magana tana damuna, don ko a Zango ma akwai yaranmu da suke gudunta saboda haka.

Batakari ko fugu aikin hannu ne na mutanen arewacin Gana, Dagomba da Gonja da sauransu. Mata su kaɗa auduga ta zama zare, a rina da baba, masaƙa maza su saƙa shi siriri siriri faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sannan maɗinki ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe ƙasan rigar yadda in mutum ya juya a rawan Damba za ta tashi ta zagaye shi. Garin Daboya da ke ƙasar Gonja ya yi suna a rini da saƙa tun kaka da kakanni.

Inda ruɗanin ya samo asali shi ne rigar yaƙi ta da, irin ta Asantehene, wato Sarkin Ashanti, wadda ake ɗinka mata layu na fata. To layun daban, riga daban, kowace riga za ka iya liƙa mata laya ai.

Ranar 6 ga Maris 1957 da Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai a Old Polo Ground a Accra, batakari ne a jikinsa shi da abokan gwagwarmayarsa.