Dutsen Dala

Dutsen Dala, ko Dala a taƙaice, dutse ne da ke cikin tsohon birnin Kano, a ƙaramar hukumar Dala ta jihar Kano, Najeriya. Ana ƙiyasta tsayinsa da mita 534 daga matakin teku, sai dai da yake birnin kansa a kan tudu yake, abin da mai hawa zai taka bai wuce 'yan gomomin mitoci ba. Samansa a shimfiɗe yake, jikinsa kuwa jar ƙasa ce da marmara mai tama a ciki. Daga yamma akwai ɗan'uwansa, Goron Dutse. Saboda matafiya kan hango shi tun daga nesa ne Hausawa ke cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Asali

Daga gindin wannan dutse Kano ta faro. Binciken masu tonon kayan tarihi ya gano ragowar matoyar tama a wurin, kuma awon da aka yi ya nuna ana narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7. Wannan ya zo daidai da abin da ake ji a bakin Abagayawa, cewa kakanninsu maƙera ne da suka taso daga Gaya neman tama, suka same ta a Dala, suka zauna.

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya ce dutsen ya ci sunan wani mutum ne mai suna Dala, baƙo da ba a san inda ya fito ba, wanda ya gina gidansa a kai. 'Ya'yansa bakwai, maza huɗu mata uku, babbansu Garageje. Daga tsatsonsa aka sami Barbushe.

Barbushe da Tsumburbura

Kundin ya siffanta Barbushe da ƙaton mutum, baƙi, maharbi, wanda kan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da tsafin Tsumburbura, wadda mazauninta wata itaciya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Ba ya saukowa daga dutsen sai sau biyu a shekara. Ranar da zai sauko, mutane kan taru daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Bayan duhu ya yi sai ya shiga wurin tsafin, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekarar. A cikin irin wannan ne aka ce ya faɗa musu wani mutum zai zo da runduna ya mallake su.

Ana danganta cikar maganar da zuwan Bagauda, wanda bisa lissafin da aka saba ya fara sarauta a wajen 999. Jikansa Gijimasu, da ake sa zamaninsa tsakanin 1095 da 1134, shi ya soma gina ganuwa, kuma Dala na cikinta. Tsafin bai mutu nan da nan ba. Sai a zamanin Sarki Tsamiya, farkon ƙarni na 14, aka rushe katangarsa, sannan a zamanin Sarki Yaji, bayan zuwan malaman Wangarawa, aka ce an gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar. Masana sun saɓa kan waɗannan shekaru, da ma ko Barbushe da Bagauda sun yi zamani ɗaya.

A ƙarni na 15 Muhammadu Rumfa ya gina sabuwar fada da kasuwar Kurmi, harkar mulki ta ƙara nisa da dutsen. A 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya hau Dala ya zana hoton birnin daga can sama.

Hawa

Akwai matakalar siminti daga gindi zuwa sama, kuma mai lafiya kan kai cikin 'yan mintoci, ko da yake numfashi kan yi sama kafin a ƙarasa. Da safe ko bayan la'asar aka fi hawa. Daga sama ana ganin hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, da wajen Gidan Rumfa, da rufin kwanon unguwannin cikin gari a cushe, lungu na bin lungu. In magariba ta yi, kiran salla kan taso daga kowace kusurwa kusan a lokaci guda. A lokacin hunturu hazo kan rufe yawancin wannan.

Ranar da dutsen ya fi cika ita ce Takutaha, mako guda bayan Maulidi, inda yara da matasa kan hau cikin sabbin kaya. Wasu malamai na ƙyamar al'adar, wasu na ganin shagali ne kawai.

Halin da yake ciki

A 2007 an sa Dala tare da ganuwa, kasuwar Kurmi da fadar sarki cikin jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO. Zaizayar ruwan sama na cin gefunansa, gidaje sun matso har jikinsa, kuma ana zubar da shara a gindinsa.