Mabiyiyar goɗiya

Mabiyiyar goɗiya ita ce fatun da ke lulluɓe da ɗan doki a cikin mahaifa, waɗanda ke biyo bayansa idan an haife shi. Ta hanyarta yake samun abinci da iska daga jinin uwarsa tsawon cikin, wanda yakan kai kwana 340, da ɗan ƙari ko ragi. A arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Cadi, daga bargojin lamidai na Garwa, Marwa, Ngaundere da Rai Buba har zuwa ƙananan dawakin ƙabilar Musai na gaɓar kogin Logon, duba mabiyiya yakan faɗo ne a hannun ɗan barga ko mai dokin, domin goɗiya ta fi haihuwa da dare, sa'ad da likitan dabbobi ba ya kusa.

Ƙirarta

Kashi uku ce. Akwai babbar jaka ta waje wadda ke manne da bangon mahaifa, da siririyar jaka fara mai shuɗi-shuɗi wadda duƙushi ke fitowa a cikinta, sai igiyar cibiya. Fuskar babbar jakar da ke taɓa uwa ja ce wur mai laushi kamar karan-miski, ɗaya fuskar kuwa fari-fari ce, sumul, jijiyoyin jini sun yi rassa a kanta.

A nan ta bambanta da ta saniya. Mabiyiyar saniya da ta akuya suna kama mahaifa ne ta wasu ƙulle-ƙulle da ake iya ƙirgawa, amma ta goɗiya kusan ko'ina a manne take, ta ƙananan tsiro da ido ba ya rarrabewa. Kuma garkuwar jikin uwa ba ta ratsa ta zuwa ga ɗa, shi ya sa duƙushin da bai sha dakashi a sa'o'in farko ba yake saurin kamuwa da cuta. Nauyinta yakan kai wajen kashi 11 cikin 100 na nauyin duƙushin.

Tarihin bincike

Abin da ya fara jan hankalin mutanen da shi ne wani ɗan curi mai taushi, launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore, wanda bai cika wuce faɗin tafin hannu ba, da ake tsinta a cikin ruwan haihuwa. Girkawa sun kira shi hipomanes. Aristotal, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa a goshin duƙushi yake fitowa, uwar kuma ta cije shi ta haɗiye, matsafa kuma suna nemansa ruwa a jallo. Marubutan Rumawa, ciki har da Pliny, sun maimaita zancen, har ya shahara a matsayin maganin mallaka na ɗaruruwan shekaru. Yanzu an san cewa taruwar gishirin fitsarin tayi ne da matattun ƙwayoyin halitta. Ba ya cutarwa, ba ya kuma maganin komai.

Wajajen shekarar 1600, Fabricius, malamin ilimin sassan jiki a Paduwa ta ƙasar Italiya, ya kwatanta mabiyiyar dabbobi daban-daban har da ta doki, da zane-zane. A 1909 Otto Grosser ya kasa mabiyiyar dabbobi bisa yawan shimfiɗun da ke tsakanin jinin uwa da na ɗa, ya sa doki cikin masu shimfiɗa mafi yawa. A 1930 masu bincike Cole da Hart a Kalifoniya ta Amurka suka gano wani sinadari a jinin goɗiya mai ciki, wanda daga baya aka tabbatar cewa ƙwayoyin mabiyiya ne ke samar da shi bayan sun kutsa bangon mahaifa wajen kwana na 36 zuwa 38. Har yau ana amfani da sinadarin wajen daidaita lokacin barbarar tumaki da shanu. Awon tsawon igiyar cibiya da ake dogaro da shi kuwa daga aikin Katherine Whitwell a Ingila ya fito, a shekarun 1970, kan dawakin sukuwa: yawanci tsakanin santimita 36 da 83. Dawakin yankin Tafkin Cadi sun fi waɗannan ƙanƙanta, don haka awon jagora ne kawai.

Yadda ake dubawa

Ana ɗauke ta nan take daga inda goɗiya za ta tattake ta, a sa safar hannu, domin wasu cututtukan da ke sa ɓari suna kama mutum. A shimfiɗa ta kan siminti mai tsabta ko buhun leda, ba kan rairayi ba. Idan an baje ta da kyau takan yi siffar harafin F: gangar jiki da rassa biyu. Reshen da ɗan ya kwanta a ciki ya fi girma da kauri, ɗaya kuwa siriri ne mai tamoji. Ƙarshen wannan siririn reshen shi ne ya fi yawan yagewa ya saura a ciki, saboda haka can ake fara kai ido. Ya kamata ƙarshen kowane reshe ya kasance a rufe.

Yawanci takan fito a juye, farar fuskar a waje, sai an juya ta a ga jar. Rami ɗaya ne ya halatta, wanda ɗan ya fasa ya fito, a wani wuri fari mai zane irin na tauraro da ke daidai bakin mahaifa. In an ga wani yagewar, sai a haɗa bakunan biyu a duba ko jijiyoyin jini sun dace da juna. Idan sun dace, kofato ne ya yaga ta. Idan ba su dace ba, akwai guntun da ya ɓace. Wasu kan ɗura mata ruwa su ga inda zai tsiyaye.

Kauri da ruwan ƙasa-ƙasa mai yauƙi kusa da tauraron alama ce ta ƙwayoyin cuta sun hau ta bakin mahaifa, kuma duƙushin na iya zuwa da cutar ko da ya miƙe garau. Babban fili fari wanda ba shi da ja yakan nuna wurin da tagwaye suka haɗu. Siririyar jakar nan idan ta rine da kore ko rawaya tana nuna ɗan ya yi kashi a ciki saboda wahala. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa da Njamena ke haura digiri 40, launi yakan sauya cikin ɗan lokaci, ƙudaje su taru, don haka mai son likita ya gani sai ya sa ta a bokiti mai murfi a inuwa, ko ya ɗauki hotonta da waya tun tana sabuwa.

Maƙalewa

Mabiyiya takan faɗo cikin rabin sa'a zuwa sa'a uku. Ta wuce sa'a uku, ta maƙale. Mutanen da suka saba da shanu, inda akan jira yini guda ba tare da tashin hankali ba, su ne suka fi yin sakaci a nan. A goɗiya ɗan guntu ya isa ya ruɓe, ya kawo zazzaɓi da ruwa mai wari, dafin ya shiga jini, sannan ya sauka a kofato ya kumbura naman cikinsa, dabbar ta kasa taka ƙasa. Wadda ta kai wannan matakin, ko ta rayu, tana iya kasa sake ɗaukar sirdi.

Ba a jan ta da ƙarfi, domin tana iya tsinkewa ko ta janyo mahaifar waje. Abin da ke reto akan ƙulle shi sama da gwiwar baya don kada goɗiyar ta taka. Likita kan yi allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta matse, ya wanke mahaifa, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta da rigakafin tetanus. Game da cire ta da hannu, ra'ayin likitoci ya rabu. Haka ma rataya mata ɗan nauyi.

Zubarwa

Ba kamar akuya ba, goɗiya ba ta cika cin mabiyiyarta ba. Akan binne ta da zurfi nesa da barga da rijiya, saboda karnuka.