Kafin ka dangwala yatsa: abin da doka ta tanadar wa mai shiga binciken HIV a Najeriya

A asibitocin koyarwa da cibiyoyin karɓar maganin HIV, yakan faru ma'aikaciyar jinya ta ja mutum gefe bayan ya karɓi maganinsa, ta ce ana wani bincike, ko yana son shiga. Wani lokaci sabon magani ake gwadawa, wani lokaci sabon abin awon jini, wani lokaci kuma hanyar gano tarin fuka ko sanƙarau da wuri a jikin waɗanda garkuwarsu ta yi ƙasa. Wasu sukan ce "to" don kunyar likita, wasu su yi ta kansu don tsoro. Kaɗan ne suka san cewa doka ta riga ta shata wa mai binciken iyaka tun kafin ya buɗe baki.

Tsoron dai yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 suka shiga, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Gwajin ya faru ne a lokacin da ƙasar ba ta da cikakken tsarin sa ido. A 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da Kundin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba tsarin ƙarfin doka.

Babu likitan da zai fara ɗibar mutane don bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince. Sashe na 34 na dokar ya wajabta wa duk cibiyar da ke bincike ta kafa irin wannan kwamiti ko ta jingina da na wata cibiyar, kuma dole ya zama mai rajista da kwamitin ƙasa, wato NHREC, wanda sashe na 33 ya kafa. Mambobinsa ba sa gaza biyar, kuma ba duka likitoci ba ne: akwai wanda ba masanin kimiyya ba, akwai wanda ba ma'aikacin cibiyar ba. Amincewarsu ba ta dindindin ba ce, aƙalla sau ɗaya a shekara sai sun sake duba aikin. Idan magani ne ko allurar rigakafi ake gwadawa, sai an ƙara da izinin NAFDAC, wadda ke duba ingancin maganin, ta ba da izinin shigo da shi, ta kuma iya zuwa wurin gwajin ta bincika takardu. Kana da damar tambayar wane kwamiti ne ya amince da kuma lambar amincewar. Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Takardar amincewa ita ce inda aka fi yin sakaci. Sashe na 32 ya ce sai da rubutacciyar yardar mutum, bayan an faɗa masa manufar binciken da abin da zai iya yi wa lafiyarsa. Kundin 2007 ya ƙara bayani: kada takardar ta wuce shafi 8, kuma a rubuta ta yadda wanda ya yi karatun shekara 9, wato ya gama ƙaramar sakandare, zai fahimta. Wanda ba ya jin Turanci a yi masa bayani da harshensa. Wanda ba ya rubutu zai iya dangwala yatsa a gaban shaida, kuma ƙa'idar aikin gwaji ta duniya ta ce shaidan ya zama ɗan ba-ruwanmu, ba ma'aikacin binciken ba. Abin da ke lalacewa a nan sananne ne: a karanta wa mutane goma takardar tare a zaure guda, a tambaya "kun gane?", kowa ya gyaɗa kai. Wannan cika takarda ne, ba neman yarda ba. A binciken HIV ma ya fi muni, domin zaman taron kansa ya tona wa kowa asirin ɗan'uwansa.

Matar aure za ta iya shawara da maigidanta, kuma masu bincike sukan fara gaida hakimi ko mai unguwa kafin su shiga gari. Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin duniya na yin binciken lafiya a kan ɗan Adam, wadda aka sabunta a 2024, ta yarda da tuntuɓar iyali da shugabanni, amma ta ce ba a sa baligi mai hankali a bincike sai da yardarsa shi da kansa. Izinin miji ba ya maye gurbin yardar mata. Yaro kuma sai da rubutacciyar yardar iyaye ko mai riƙonsa, idan ya kai wayo a nemi tasa yardar ma.

Ana gwaji mataki-mataki. Matakin farko mutane kaɗan ne, gomomi, don a ga ko jiki zai ɗauka. Na biyu ɗaruruwa, don a daidaita adadin da za a sha. Na uku yakan kai dubbai, ana kwatanta sabon da wanda aka saba. Ka tambayi a wane mataki ake, domin haɗarin ba ɗaya ba ne. A mataki na uku kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a ta raba mutane rukuni-rukuni, kuma sau da yawa kai da likitan duk ba za ku san wanda ka samu ba sai an kammala.

Nan ne tambayar ƙwayar holoƙo ke tasowa, wato ƙwaya mai kamar magani amma babu sinadari a cikinta. Ƙa'idar Helsinki ita ce a kwatanta sabon magani da mafi ingancin wanda ake da shi, ba a hana mutum maganin da aka tabbatar idan hanin zai yi masa mummunar illa. Tunda maganin HIV tabbatacce ne, kuma Najeriya tun 2016 take fara bai wa duk wanda aka samu da ƙwayar magani ba tare da jiran garkuwarsa ta faɗi ba, bai kamata gwajin magani ya bar mai ɗauke da HIV hannu rabbana ba. Ko dai ya samu haɗin da aka saba na tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ko sabon da ake gwadawa. Ita kanta wannan manufa daga gwaji ta fito. Binciken START, wanda ya ɗauki mutum 4,685 a ƙasashe 35, ya kwatanta fara magani nan take da jira sai ƙwayoyin garkuwa na CD4 sun sauka zuwa 350. A watan Mayun 2015 kwamitin sa ido mai zaman kansa ya ga rukunin masu jira sun fi faɗawa cikin ciwo mai tsanani, sai aka sanar da sakamakon tun wa'adi bai cika ba, aka bai wa kowa magani. Haka aka yi a 2024 da allurar kariya ta lenacapavir a Afirka ta Kudu da Yuganda, da aka ga babu ko mace ɗaya da ta kamu a rukunin allurar. Ka tambaya ko binciken da aka gayyace ka yana da irin wannan kwamiti.

Binciken hanyoyin gano cuta yana da nasa tarkon. Abin awon da ake gwadawa bai tabbata ba tukuna, don haka ba a ɗora magani ko a faɗa wa mutum yana da HIV bisa sakamakonsa kaɗai. Sai an bi tsarin awo na ƙasa, inda ake tabbatar da sakamakon farko da wani abin awo daban. Amma idan ana cikin bincike awon da aka amince da shi ya nuna CD4 ɗin mutum ya gaza 200, ko ya nuna alamar tarin fuka a fitsari, ko alamar naman gwarin da ke kawo sanƙarau a jini, wajibi ne a sanar da shi a haɗa shi da masu magani. Wanda ya shiga gwajin allurar rigakafin HIV kuma ya sani cewa awon gaggawa zai iya nuna kamar yana ɗauke da ita alhali ba ya da ita, domin awon martanin jiki yake gani, ba ƙwayar ba.

Shi ma mai shiga yana da nasa nauyin. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin dolutegravir, shi ya sa ake ninka dolutegravir ɗin zuwa miligiram 50 sau biyu a rana. Maganin gyambon ciki na ruwa ma yana hana jiki tsotse shi idan an sha tare, haka ma ƙwayoyin ƙarin jini idan an sha tare ba abinci. Duk abin da kake sha, har jiƙe-jiƙen gargajiya, ka faɗa. Mace ta sanar da zarar ta samu ciki. Idan ciwo mai tsanani ya taso, kamar kwanciya asibiti, mai binciken yakan kai rahoto ga mai ɗaukar nauyin binciken cikin awa 24, kuma Kundin ya wajabta cikakkiyar kulawa da diyya ga wanda binciken ya ji wa ciwo. Kuɗin mota da na ɓata lokaci halal ne, amma kuɗin da zai rufe wa talaka ido ya manta da haɗari, kwamiti ba ya amincewa da shi.

Jinin da aka ɗiba ba ya fita ƙasar waje sai da rubutacciyar yarjejeniyar da ta fayyace inda za shi da abin da za a yi da shi, wadda ake ajiye wa NHREC. Ka duba ko takardar ta ce za a adana jininka don wani bincike nan gaba. Ka kuma tambayi abin da zai faru ranar da gwaji ya ƙare: idan sabon maganin ya karɓe ka, za ka ci gaba da samu, ko za a mayar da kai kan na da? Helsinki ta ce a tsara wannan tun kafin a fara, kuma a nan ne alƙawura suka fi zama na fatar baki.

Sirri kuwa dokoki uku ne ke tsare shi: Dokar Lafiya ta Ƙasa, Dokar Hana Tsangwamar Masu HIV ta 2014 wadda ta tanadi tara ko ɗauri ga mai fallasa matsayin wani, da Dokar Kare Bayanai ta 2023. A kan kwalbar jini lamba ake rubutawa, ba suna ba. Sai dai asiri ba a ɗakin awo ya fi tonuwa ba. Mota mai tambarin shirin HIV ce ke tsayawa a ƙofar gida, ko a kira wayar da miji da mata ke amfani da ita tare. Tun ranar farko ka faɗi lambar da za a kira, da lokacin, da abin da za a ce idan wani ya ɗauka, da ko ka yarda a zo gidanka.

Kana iya janyewa kowace rana ba tare da ba da dalili ba, kuma ba a taɓa maganinka na asibiti saboda haka. Kada dai ka daina shan na gwajin ka zauna a gida, domin ƙwayar za ta farfaɗo ta iya bijire wa magani. Ka je a mayar da kai kan wanda aka saba. Ƙorafi yana zuwa ga shugaban kwamitin ɗa'a, wanda akan sa adireshinsa a ƙarshen takardar, idan ba a biya maka buƙata ba ka wuce NHREC a Abuja. Haƙƙinka ne a ba ka kwafin takardar. Idan kalmar HIV da ke kanta za ta jawo maka magana a gida, ka kwafi lambobin wayar a wata takarda, ka nemi cibiyar ta ajiye maka kwafin takardar amincewar.